Iyakar Kano ta Kudu a Hannun Marubuta Tarihi: Sharhi a kan Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan yadda littattafan tarihi suka kawo labarin iyakar ƙasar Kano ta wajen kudu maso gabas, watau yankin Birnin Kudu da Gwaram, inda a yau Jihar Jigawa ta yi iyaka da Jihar Bauchi. Za mu ɗauki rubuce-rubuce huɗu waɗanda manazarta suka saba dogara da su, mu duba irin ma'anar da kowanne ya ba kalmar iyaka, da kuma wurin da marubucinsa ya tsaya sa'ad da yake hangen ta.

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu kuwa shi ne, duk lokacin da maganar ƙirƙiro jiha ko masarauta ta taso, ko aka sami saɓani a kan fadama ko burtali a ƙauyukan bakin iyaka, sai kowane ɓangare ya ɗauko littafin tarihi ya kafa hujja da shi cewa ƙasar tasu ce tun fil'azal. Ra'ayinmu a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin littattafan nan da zai iya ɗaukar wannan nauyi, domin iyakar wannan yanki ta yi ta matsawa gaba da baya, kuma kowane littafi hoton zamani ɗaya ne kawai ya ɗauka, daga gefe ɗaya. Kafin mu naɗe za mu leƙa ƙasar Karabak, wadda Armeniyawa da Azarbaijawa suka daɗe suna jayayya a kanta, don mu ga inda irin wannan karatu yake kai mutane.

2.0 Ma'anar Iyaka Kafin Zuwan Turawa

Ya kamata tun da fari mu rarrabe tsakanin iyakar taswira da iyakar da sarakunan dā suka sani. A ƙasar Hausa kafin 1903, mutane ake mulka, sa'an nan ƙasa ta biyo bayansu. Idan aka ce gari kaza na Kano ne, abin da ake nufi shi ne sarkinsa ya yi caffa, yana aika gaisuwa da kuɗin ƙasa, yana fito da mayaƙa in an kira shi, kuma daga Kano ake naɗa magajinsa. Waɗannan alamomi ba kullum suke haɗuwa a gari ɗaya ba. Wani gari yakan biya Kano haraji, kuma ya riƙa kai wa wani maƙwabci mai ƙarfi gaisuwa don ya sami sa'ida. Tsakanin ganuwar wannan gari da ta wancan kuwa daji ne, na mafarauta da makiyaya da mahara, wanda ba mai iya cewa ga inda rabonsa ya tsaya a ciki.

Haka kuma, yawancin hakiman Kano a cikin birni suke zaune, garuruwan da suke riƙe da su a warwatse suke, sai ta hannun jakadu suke tafiyar da su. Sarkin Kudu yana cikin sarakunan da ke zaune a garuruwansu, kamar Sarkin Rano da Sarkin Gaya da Sarkin Dutse, saboda haka ikonsa yakan faɗaɗa ko ya tsuke gwargwadon ƙarfin dawakinsa da zaman lafiyar shekarar.

Shi kansa sunan Birnin Kudu abin lura ne. Ga wanda ke Kano ne garin yake kudu. Mutumin Ningi ko na Bauchi in zai tafi can, arewa yake nufa. Duwatsun garin ma sun girmi duk wannan rabo. Zane-zanen shanu da ke jikinsu, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950, akwai 'yan'uwansu a Shira da Geji, cikin Jihar Bauchi ta yau. Har wa yau akwai Warjawa a ɓangarorin biyu na iyakar.

3.0 Tarihin Sarakunan Kano da Littafin Dokaji

Rubutu na farko shi ne Tarihin Sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, sa'an nan Ofishin Fassara na Zariya ya fito da shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Wannan littafi ya nuna cewa Sarki Yaji (1349 zuwa 1385, bisa lissafin Palmer), bayan ya ci Santolo, ya kai yaƙi har Warji. Daga nan ne wasu suke yanke hukunci cewa tun ƙarni na 14 ikon Kano ya game duk ƙasar da ke tsakanin birni da duwatsun Warji.

To, amma littafin da kansa ya warware wannan hukunci ga wanda ya karanta shi har ƙarshe. A ƙarni na 17 Kwararrafawa sun taso daga kudu sun shiga har cikin birnin Kano. Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) sai da ya ɗaura wa Dutse yaƙi, alhali kuwa Dutse ta fi Birnin Kudu kusa da Kano. Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ya yaƙi Burumburum, kuma ya gina gida a Takai. Sarkin da ya tabbata kudancin ƙasarsa yana hannunsa ba ya bukatar irin waɗannan fite-fite. Abin da littafin ya lissafa wuraren da rundunar Kano ta taɓa zuwa ne, ba ya faɗin ko ta zauna, ko kuma shekara nawa biyayyar ta ɗore bayan ta juya. Kai yaƙi daban, riƙon ƙasa daban.

Akwai kuma maganar lokacin da aka rubuta shi. Littafin ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello (1882 zuwa 1893), kuma Murray Last ya kawo hujjoji a 1980 cewa a zamanin wannan sarki aka harhaɗa shi a fada. In haka ne, to an rubuta labarin yaƙin Yaji da Warji a daidai lokacin da Warjawa suke cikin rundunar Ningi da ke addabar kudancin Kano. Marubucin da ke cikin wannan hali yana da dalilin da zai sa ya ƙarfafa cewa kakannin ubangidansa sun taɓa taka waɗannan duwatsu.

Rubutu na biyu, Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji (1958), ya yi wa masu karatun Hausa babban aiki, domin ya sa tarihin Kano a hannun ɗaliban makaranta da harshe mai daɗi. Sai dai shi ma bin sarakuna ya yi ɗaya bayan ɗaya, daga cikin fada yake kallon ƙasa. A irin wannan tsari, garin bakin iyaka ba ya fitowa sai ran da sarki ya nufe shi ko abokan gaba suka faɗa masa. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ba laifi ba ne ga marubucin fada ya yi kukan fada. Laifin yana ga mai karatun da ya ɗauki littafin a matsayin taswira.

4.0 Zamanin Ningi da Aikin Patton

Bayan jihadi, ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta sami kanta a tsakiyar masarautu masu tuta ɗaya: Kano ta arewa da yamma, Katagum da Jama'are ta gabas, Bauchin Yakubu ta kudu. A bisa ƙa'ida, duk 'yan'uwa ne a ƙarƙashin Sakkwato, kuma duwatsun Ningi suna cikin rabon Bauchi. Wajen 1846 sai Malam Hamza da wasu malamai suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda saɓani a kan haraji, suka shiga cikin Butawa da Warjawa da Fa'awa da sauran mutanen duwatsu, suka haɗa kansu. Daga wannan hijira ce daular Ningi ta tsiro, wadda a ƙarƙashin Ɗan Maje da Haruna Ƙarami da Gajigi da Ɗan Yaya ta yi fiye da shekara 50 tana kai hari ƙasashen Kano da Bauchi da Zazzau.

Wannan ya canza fuskar iyaka ƙwarai. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi (1855 zuwa 1882) ya ɓatar da shekaru masu yawa na sarautarsa a kan yaƙin kudu da ƙarfafa ribaɗi, Sarkin Bauchi Ibrahim kuwa har ya koma Rauta da zama saboda matsalar Ningi. Ƙauyuka marasa ganuwa suka watse, mutane suka taru a manyan garuruwa da kafi, gonaki na nesa suka koma saura. A irin waɗannan shekaru, ainihin iyakar Kano ita ce inda manomi zai iya kaiwa da fartanya ya komo gida kafin a rufe ƙofa. In aka ƙulla amana da Ningawa sai ta ɗan matsa kudu, in amana ta warware sai ta dawo gindin ganuwa. Lokacin Basasa kuma, a 1893 da 1894, Takai ɗin nan da ake taƙama da ita wajen tsaron kudu ita ce ta zama sansanin Yusufawa, daga can suka taso suka ci birnin Kano.

Rubutu na uku shi ne ya fi ba wannan zamani haƙƙinsa, watau kundin digiri na uku da Adell Patton ya gabatar a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1975, da maƙalarsa da ta fito a 1987 cikin littafin da Igor Kopytoff ya tace a kan yankunan bakin iyaka a Afirka. Patton ya zauna da dattawan Ningi, ya haɗa abin da ya ji da takardun ajiya, ya nuna cewa mutanen da rubutun fada yake ɗauka 'yan tawaye suna da tsarin mulki da dalilansu na ƙin biyayya. Ya kuma fahimci cewa iyakar fili ce mai faɗi da ake ja-in-ja a cikinsa. Wannan ci gaba ne babba.

Duk da haka, muna ganin inda ya tsaya ya rage masa gani. Marubucin fada daga Kano yake kallo, shi kuwa Patton daga kan dutsen Ningi. Bai ɓoye hare-haren da kamun bayi ba, amma jigon aikinsa turjiya ga daular Sakkwato ne, kuma abin da yake turjiya a idon mutumin Ningi, a wurin manomin Gwaram ƙonar rumbu ce da rabuwa da 'ya'ya. Ke nan a rubutun ɓangarorin biyu, Birnin Kudu da Gwaram fagen fama ne kurum, ba a ji muryar mazaunansu ba.

5.0 Layin Turawa da Littafin Gowers

Turawan Ingila sun ci Bauchi a watan Fabrairu 1902, a cikin shekarar aka kashe Ɗan Yaya, sa'an nan suka ci Kano a watan Fabrairu 1903. Aka sa Ningi cikin Lardin Bauchi, Birnin Kudu da Gwaram kuwa cikin Lardin Kano. Bukatar Razdan da Di'o ita ce su san wanda za su tambaya harajin kowane ƙauye da jangalin kowane garke, don haka cikin 'yan shekarun farko na mulkinsu aka fitar da hakimai daga birni, aka haɗa garuruwa maƙwabta aka yi gundumomi, kamar yadda Adamu Fika ya yi bayani a littafinsa na 1978 a kan Basasar Kano da mulkin Turawa. A nan ne iyaka ta zama layi. Dajin da a dā ba na kowa ba ne sai aka tsaga shi biyu, da hare-hare suka ƙare kuma mutane suka fantsama cikinsa suna sāran gonaki ta kowane gefe.

Rubutu na huɗu, littafin bayanin Lardin Kano na W. F. Gowers (1921), ɗan wannan zamani ne. Amfaninsa a fili yake, domin ya tara jerin sarakuna da bayanin masarautu a wuri ɗaya. Illarsa kuwa ita ce an tsara shi bisa rabon mulki na ranar da aka rubuta shi, sai mai karatu ya zaci haka rabon yake tun asali. Shekara 5 kacal bayan fitowarsa, a 1926, aka cire Katagum daga Lardin Kano aka mayar da ita Lardin Bauchi. Mutanen Gwaram da maƙwabtansu na gabas suka kwana 'yan lardi ɗaya, suka tashi 'yan larduna biyu, ba wanda ya gusa da bukkarsa.

Bayan samun mulkin kai ma abin bai tsaya ba. A 1967 layin lardi ya zama iyakar Jihar Kano da Jihar Arewa maso Gabas, a 1976 ya zama iyakar Kano da Bauchi. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga Dutse da wasu garuruwa zuwa masarautu masu cin gashin kansu, a 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, kuma a yau Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Masarautar Dutse, garin da Kumbari ya yaƙa. Sabon layi ya ratsa tsakanin Birnin Kudu da Takai, ya bar tsohon sansanin tsaron yankin a wata jiha dabam. Wanda duk ya ce a koma wa iyakar asali, sai mu tambaye shi: ta wace shekara?

6.0 Abin Lura daga Karabak

Karabak yanki ne a kudancin duwatsun Kokasus, tsakanin Armeniya da Azarbaijan. Mun kawo shi ne domin a can an yi irin wannan karatu na zaɓen zamani ɗaya, har ya kai ga zubar da jini. Masana tarihin Armeniyawa sukan fara daga lardin Artsak na tsohuwar daularsu, da majami'u irin su Amaras da Gandzasar, da sarakunansu na kan duwatsu. Na Azarbaijan kuwa sukan fara daga masarautar Musulmi da Panah Ali Khan ya kafa a tsakiyar ƙarni na 18, mai hedkwata a Shusha, wadda ta shiga hannun Rasha a 1805, Farisa ta sallama ta a yarjejeniyar Gulistan ta 1813. Kowane ɓangare abin da ya faɗa ya faru, sai dai ya yi shiru a kan na ɗan'uwansa.

Sunan ma bai tsaya a kan faɗin ƙasa ɗaya ba. A dā Karabak ta haɗa tudu da kwari, makiyaya Musulmi suna hawa tudu da dabbobinsu lokacin zafi, su sauko lokacin sanyi, saboda haka yawan kowace al'umma a kan tudun ya danganta da watan da aka yi ƙidaya. A watan Yuli 1921 kwamitin 'yan gurguzu mai kula da Kokasus ya yanke shawarar haɗa tudun da Armeniya, washegari ya juya ya bar shi cikin Azarbaijan. A 1923 aka shata masa iyaka a matsayin yanki mai ɗan ƙwarya-ƙwaryar 'yanci, kuma rabon zamanin Tarayyar Sobiyet ya bar zirin Lacin tsakaninsa da Armeniya. Daga 1988 rikici ya tashi, aka yi yaƙi har 1994, aka sake yi na kwana 44 a 2020, sa'an nan a watan Satumba 2023 Azarbaijan ta karɓe yankin baki ɗaya, Armeniyawa fiye da 100,000 suka yi ƙaura.

Ba mu ce halin Birnin Kudu da Gwaram ya yi kusa da wannan ba. Mutanen ɓangarorin biyu na iyakar Jigawa da Bauchi suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, kuma 'yan ƙasa ɗaya ne. Kamancin yana wajen hanyar kafa hujja: a ɗauki shekarar da ta yi wa mutum daɗi a kira ta asali, a mai da labarin yaƙi takardar mallaka, a manta da makiyayin da rayuwarsa ta ratsa layin. Tun kafin a harba bindiga a Karabak, malaman jami'o'in Yeriban da Baku sun yi shekaru suna wannan yaƙi da alƙalami. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun ga cewa Tarihin Sarakunan Kano da littafin Dokaji daga fada suke hangen iyakar kudu, Patton daga Ningi, Gowers kuwa daga ofishin lardi. Kowanne yana da amfani matuƙar an san abin da aka rubuta shi dominsa. Saboda haka muna ba da shawara ga malamai da ɗalibai cewa, duk inda littafi ya ce gari kaza yana ƙarƙashin sarki kaza, a tambaya a wace shekara, kuma da wace alama: haraji ne, ko naɗi, ko kuwa runduna ce ta wuce ta wurin sau ɗaya.

Abu na biyu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai bukatar sassan tarihi da na harsunan Nijeriya a jami'o'inmu, musamman Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse, su tura ɗalibai su tattara jerin sarakuna da dagatai da labaran kafuwar garuruwa irin su Fagam da Kila da Sara da Basirka da Sundimina da Wurno, su ji ta bakin Warjawa da Fulani makiyaya, sa'an nan a gwada abin da aka samu da rahotannin gundumomi da ke Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Da haka ne za a sami tarihin yankin wanda mazaunansa suke tsakiya.

Abu na uku, in saɓani ya taso a kan layin da ke tsakanin jihohi, wurinsa Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1987, kuma ma'auninsa doka ce da maslahar waɗanda ke noma da kiwo a wurin. Aikin masanin tarihi in an gayyace shi shi ne ya shimfiɗa dukkan matakan da iyakar ta bi, daga Yaji har zuwa 1991, ko da waɗanda suka kira shi mataki ɗaya kawai suke son ji.